Malamar Da Ta Kai Mu Wata Da Lemo Ɗaya

'Yan'uwana mata, sau da yawa nakan ji iyaye suna cewa wai kimiyya karatun maza ce. To, yau ina so in ba ku labarin malamarmu ta firamare, don ku yi hukunci da kanku.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Kayan aikin Malama su ne lemo, da ƙwallon yara, da tocila. Tocila ita ce rana, ƙwallo duniya, lemo kuma wata. Da su ta nuna mana yadda dare da rana suke sauyawa.

A bakinta muka fara jin labarin kumbon Apollo 11, wanda ya kai Neil Armstrong na Amurka kan wata a Yulin 1969, tafiyar kilomita wajen 384,000. Amma labarin da ta fi so shi ne na Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet. Wannan baiwar Allah a masaƙa take aiki, sai ga shi a 1963 ta zama mace ta farko da ta je sararin samaniya, ta kewaya duniya sau 48. Kullum Malama takan ce mana, in 'yar masaƙa ta yi haka, ba mu da dalilin jin tsoron lissafi.

Ranar 29 ga Maris, 2006, aka yi husufin rana, har gari ya yi duhu da hantsi a wajajen Gusau da Katsina. Tun ana saura kwanaki Malama ta bayyana mana cewa wata ne zai gitta tsakanin rana da duniya. Ta hana mu kallon rana kai tsaye, don yana lalata ido. Ta koya mana huda kwali da allura, mu ga surar rana a ƙasa. Ran nan mu 'yan mata muka kwantar wa iyayenmu hankali a gida.

Iyaye mata, in 'yarku ta cika tambaya, kada ku ce ta faye surutu. Ku bar ta ta gama makaranta. Asibitocinmu suna bukatar likitoci mata, kuma ba a zama likita sai da kimiyya. Ku kuma 'yan'uwana malamai, kada rashin kaya ya kashe mana jiki. Da rashin tayi akan bar arha.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri.