Jirgi Mai Tafiya da Feshin Ruwa

Wanda ya tashi daga unguwar Abbey Wood a birnin London ya gangara Woolwich, bakin kogin Thames, zai ga jiragen fasinja na Thames Clippers suna wucewa da sauri. Galibinsu ba su da farfela a waje. Inji ne ke zuƙo ruwa ta ƙarƙashi ya feso shi ta baya, watau feshin nan ke tura jirgi gaba.

Bill Hamilton, manomi a ƙasar New Zealand, shi ya kyautata wannan dabara, gama kogunansu ba zurfi, duwatsu kan karya farfela. Jirginsa na fari cikin ruwa yake feshi, bai gamsar da shi ba. A 1954 ya ɗaga bakin bututun bisa ruwa, nan da nan gudu ya ƙaru.

Amma masu jiragen nan suna da kuka guda: ciyawa kan toshe kafar da ruwa ke shiga. Saboda haka kamfanin Yamaha ya yi wa nasa wata ƙofa a baya, mai jirgi ya cire ciyawa ba sai ya shiga ruwa ba. Wanda ya san kainuwar kogin Kwara ya san darajar wannan gyara.