Hanyar Da Ba Ta Da Kafaɗa: Tirela Da Ƙananan Motoci A Ƙasar Kudan

Daga lokacin da aka fara saran rake har zuwa faɗuwar damina, hanyar da ta tashi daga Zariya ta Basawa, ta ratsa Hunƙuyi ta nufi Ɗanja da Ƙafur, ba ta samun hutu dare da rana. Haka ma wadda ta rabu da babban titin Kano a Tashar Yari ta shiga Maƙarfi. Ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara ƙasar noma ce, kuma abin da take nomawa mai nauyi ne: rake, tumatir, masara, barkono, albasa. Babu mai kai su Kano ko Legas a bayan jaki, don haka tirela da daf da kanta suke shigowa har bakin gona su yi lodi, su fito su hau kwalta ɗaya da Golf mai fasinja, da hayis, da a-kori-kura, da ɗan babur mai goyon mutum biyu da buhu, da amalanken shanu, da yara masu dawowa daga makaranta. Idan aka yi haɗari, hukunci biyu ake yankewa tun kafin a kwashe gawa: wasu su ce direbobin manyan motoci ba su da imani, wasu su ce kwana ne ya ƙare. Ni a ganina duka biyun suna kawar da ido daga abin da ya fi kashe mutane a nan, wato hanyar da ba ta bar wa kowa wurin kaucewa ba. Kuskuren da a faffaɗan titi zai ƙare da zagi da hon, a hanyar Hunƙuyi makabarta yake kai mutum.

A fara da awo, domin awo ba ya son kai. Ma'aunin da aka saba bi wajen shimfiɗa hanyar gwamnatin tarayya mai hannu ɗaya shi ne faɗin mita 7.3, kowane ɓangare ya samu mita 3.65, sannan a bar kafaɗa a hagu da dama. Faɗin tirela kusan mita 2.5 ne, ban da madubai, ban da raken da ya leƙo ta gefen bodi. Tirela biyu idan suka yi gaba da gaba sun cinye fiye da mita biyar, abin da ya rage sai a raba shi uku, tsakaninsu da kuma gefe da gefe. Wannan fa idan kwaltar tana nan yadda aka shimfiɗa ta. A yawancin hanyoyinmu ruwan damina da tayoyin manyan motoci sun gutsire bakin kwalta, ƙasar kafaɗar ta zaizaye, har ya zama akwai gangare mai kaifi tsakanin kwalta da ƙasa. Wannan ɗan gangaren da mutum zai tsallake da ƙafa bai lura ba, shi ne tarkon. Direban ƙaramar mota ya ga tirela ta taso masa, ya kauce, tayoyinsa na dama suka faɗa ƙasa. Sai ya murɗa sitiyari da ƙarfi don ya komo, taya ta turje da bakin kwalta, sannan ta hau a lokaci guda, motar ta yi tsalle ta faɗa hannun mai zuwa. Babbar mota kuwa da aka tula wa rake har ya wuce kan direba, nauyinta yana sama, da zarar ɓangare ɗaya ya sauka sai ta kwanta, ta danne duk abin da ke gefenta.

Sai maganar nauyi. Ƙaramar mota da fasinjojinta ba ta cika wuce tan biyu ba, tirela mai cikakken lodi kuwa tana kaiwa tan 40, ta ma wuce. Idan suka haɗu, tirela ɗan girgiza za ta yi, ƙaramar ce za ta sha dukan duka. Kuma tsayawar babbar mota ba ta zuwa da wuri. Birkinta na iska ne, akwai ɗan jinkiri tsakanin taka shi da kamawarsa, idan kuma aka daɗe ana taka shi yakan yi zafi ya daina ci. Ga wata ƙa'ida da ta shafi kowace mota: idan aka ninka gudu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. Shi ya sa ɗan babur da ke shan gaban tirela ya tsaya ɗaukar fasinja, ko direban da ya wuce ta ya koma hannunsa a ƙurarren wuri, yake neman abin da ƙarfe ba zai iya ba, ko da direban na tsoron Allah ne. Ballantana ma sau da yawa direban bai gan shi ba. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, direba yana zaune ne a hagu, saboda haka duk abin da ya raɓa ta damarsa, ko ya tsaya dab da hancin motar, ko ya manne a bayanta, ya ɓace masa. Abin da ya kamata kowane ɗan babur ya haddace shi ne, muddin ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai san kana duniya ba. A kwana kuma tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke hanya ne ta ciki, kuma a nan suke tarar da wanda ya ɗauka tirela ta buɗe masa ne da ta karkata hagu.

Inda aka fi asarar rai shi ne wajen wucewa, abin da direbobi ke kira obatekin, kuma lissafinsa ya isa a tsaya a yi shi. A ce tirela mai tsawon mita 16 tana tafiyar kilomita 60 a awa, mai Golf yana son ya wuce ta da 80. Bambancin gudunsu kilomita 20 ne kacal, wato ƙasa da mita shida a daƙiƙa. Kafin ya fito daga bayanta, ya share tsawonta, ya ba da tazara ya koma hannunsa, sai ya ci wajen mita 55 a kanta, abin da zai ɗauke shi kimanin daƙiƙa goma. A cikin daƙiƙa goman nan ya yi tafiyar mita 220 a hannun da ba nasa ba, mai zuwa daga gaba da irin gudunsa shi ma ya ci wasu 220. Ke nan sai ya hango kusan rabin kilomita babu kowa kafin wucewar ta zama lafiya. A ina zai hango rabin kilomita a hanyar da ke da kwana da tudu, ga gonakin rake har bakin titi, ga hazon hunturu da ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu? Amma ya yi kilomita goma yana shan hayaƙi, fasinja suna tsaki, balas ɗin mai mota yana jiransa, kuma ya san babu wani wuri a gaba da tirela za ta raɓe ta ba shi hanya. Ƙarshenta sai ya fito da ka. Hanyar da ba ta tanadi wurin wucewa ba, ita ce ke koya wa direbobi ganganci.

Da dare wani haɗarin ne daban. Babbar mota ta lalace, babu inda za a tura ta, sai yaron mota ya sa mata weji, ya karyo ganye ya jera a kan kwalta. Ganye ba ya ƙyalli. Mai zuwa daga baya, wanda fitilar wata motar ta kashe wa ido, ba zai ankara ba sai ya shige ƙarƙashinta, kuma tsayin bodin tirela daidai yake da gilashin ƙaramar mota, inda kawunan mutane suke. Motar nan tana iya kwana uku a wurin ana jiran bakanike da kayan gyara daga Zariya ko Kano.

Mai karatu zai ce duk wannan wanke direbobi ne, alhali kowa ya san akwai masu shan ƙwaya don korar barci, da masu tuƙa mota da sanƙon taya, da masu ɗora mutane a kan lodi. Gaskiya ne, kuma ba na neman wa kowa afuwa. Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 50 a awa a irin waɗannan hanyoyi, 60 a babban titi, kuma tun watan Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. A hukunta mai laifi. Sai dai an kafa hukumar nan tun 1988, shekaru fiye da talatin ana wa'azi a tasha, ana kamu, ana tara, kuma ɗan Adam bai daina gajiya da gaggawa da kuskuren lissafi ba. A Suwidin, majalisar ƙasar ta amince a 1997 da manufar da ta ɗauka cewa direba zai yi kuskure ko ana so ko ba a so, don haka aikin mai tsara hanya ne ya hana kuskuren zama ajali. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka yi da hanyoyin karkara shi ne mayar da su layi uku da shinge a tsakiya, layin tsakiyar yana komawa wannan hannu na ɗan lokaci, sannan ya koma wancan, yadda kowa ya san damar wucewa tana nan gaba kaɗan. Yau suna cikin ƙasashen da mutuwa a hanya ta fi ƙaranci a duniya, alhali Afirka, mai ƙarancin motoci, ita ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Masu cewa ƙaddara ce kuwa, babu Musulmin da ke musun ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali yana soke riƙo da sababi ba.

Wasu kuma shawararsu ita ce a hana manyan motoci bin ƙananan hanyoyi, ko a ce sai da dare. Wanda ya faɗi haka bai tambayi manomin tumatir na Hunƙuyi ba, wanda kwandonsa ke fara ruɓewa tun daga gona, ko ɗan kasuwar raken Maƙarfi. Tirelar nan da ake tsine wa ita ce ke mayar da gumin shekara kuɗi. Tura ta cikin dare kuma tura ta ne lokacin barci da duhu da 'yan fashi. Masu cewa a mayar da kowace hanya tagwaye su ma su dubi titin Abuja zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, wanda aka ba da kwangilar sake gina shi a ƙarshen 2017, aka kai 2023 kafin a buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano. Idan uwar hanyoyin Arewa ta ɗauki wannan lokaci, yaushe layi zai zo kan Kudan? Abin da ake bukata ya fi haka araha nesa ba kusa ba: kafaɗa mai kwalta ko tsakuwa da aka daddale daidai da tsayin titi, wurin raɓewa na manyan motoci bayan kowane 'yan kilomitoci, fenti da alamu masu ƙyalli a kwana da kwalbati, da motar janwe da za ta ɗauke abin da ya lalace a ranar da ya lalace.

Amma ko an yi kafaɗar, ba za ta daɗe ba idan ba a taɓa obalodi ba. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya, ɓarnar da yake yi wa titi takan kai ninki 16. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙayyade tan 11.5 a kan layin tayoyi ɗaya, amma ƙa'ida ba ta aiki inda babu sikeli. Mai kaya yana son buhu ɗari na ƙari, mai mota yana son kuɗinsu, ɗan kamasho yana da lada a kai, hanya ce kawai ba ta da bakin magana. Kuma bai kamata a manta ba cewa layin dogo ya isa Kano tun 1911, ya ratsa wannan yanki, kuma shi ya riƙa ɗaukar gyaɗa da auduga. Da ya durƙushe, nauyin duka ya dawo kan kwaltar da ba a gina ta don shi ba.

Mu ma mazauna bakin hanya muna da namu kason. Inda aka samu ɗan sauran kafaɗa, a nan ake shanya masara da barkono, a nan mai rake ke jingina dami, a nan ake lodin fasinja ranar kasuwa, wato mun cinye wurin da zai cece mu. Tudun rage gudu da matasa ke yi da ƙasa da kututture bayan an kaɗe yaro, ana fahimtar zafin zuciyar da ya kawo shi, amma tudun da babu fenti babu alama yana iya kayar da tanka a tsakiyar gari. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta kife ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu masu ɗibar man da ya zube, ya isa ya sa kowane gari na bakin titi ya yi wa kansa faɗa.

Shugabannin ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara, da hakimai, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwar rake da tumatir, ba sai sun jira Abuja ba kafin su janye kasuwa da tasha daga bakin kwalta, su ware filin lodi, su hana ɗora mutane a kan kaya. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankin kuma, idan sun tashi neman a gyara hanya, kada su tsaya kan cike ramuka, su nemi a rubuta kafaɗa da wurin raɓewa a cikin kwangilar, su kuma je su auna da idonsu kafin a biya ɗan kwangila.