Tsaron Jarrabawa da Tsaron Shanya

Idan uwa ta baza gero a tabarma ta ce wa 'yarta ta zauna ta tsare, aikin da ta ba ta bai wuce zama da buɗe ido ba. Amma shanya ta hanya biyu take lalacewa. Ko yarinyar ta shagala da 'yar carafke kaji su yi biki, ko kuwa ta zabura da gudu tana jifa, ta watsa ƙasa cikin geron da aka ce ta tsare. Dokokin tsaron jarrabawa a jami'a, idan ka tace su, maganin waɗannan biyun suke yi.

Na farkon kowa ya sani. A yawancin jami'o'in Najeriya ana son mai sa ido ya iso kafin ɗalibai, ya duba katin shaida, ya raba wuraren zama, ya sa kowa ya sa hannu a takardar halarta, kuma ba a shiga bayan minti 30 da farawa. An hana shi karanta jarida, ko makin takardun wani aji, ko duƙufa kan waya. Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da malamai yanzu. An karɓe wayoyin ɗalibai a bakin ƙofa, ga ta mai tsaro tana haska masa fuska.

Na biyun ne ba a cika magana a kai ba, alhali ɓarnarsa ba ƙarama ba ce. Akwai malamin da ke shiga ɗaki kamar mai farauta, takalmi ƙwas-ƙwas, ya tsaya a kan ɗaliba yana leƙa abin da take rubutawa har biro ya riƙa rawa a hannunta. Ya kama mutum ɗaya da 'yar takarda a cikin safa, sai ya ɗaga murya, ya yage takardar amsa, mutum ɗari biyu da ba ruwansu su rasa inda tunaninsu ya tsaya. To, ai ko yarinyar nan ba a ce ta yanka kazar maƙwabta ba. Kora za ta yi, ta faɗa wa uwa. Haka ƙa'idar take: a karɓi abin da aka gani, a cike fom, ɗalibi ya rubuta bayaninsa, shaidu su sa hannu, sannan a bar shi ya ƙarasa rubutu. Hukunci na kwamiti ne da majalisar jami'a.

Wannan ba sanyin hali ba ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri, a shari'ar da aka fi sani da ta Garba, saboda ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba. Tarzoma ce ta jawo waccan, ba satar amsa ba, amma tun daga nan jami'o'i suka san cewa hujjar da aka tattara da fushi ba ta tsayuwa a gaban alƙali.

Shi ma mai tsaron ana tsaron sa. Dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga mai sa idon da ya taimaka aka yi cuta, fiye da abin da ta yanka wa ɗalibin. Shi ya sa gogaggen malami ba ya barin kowa ya motsa sai ya ƙirga takardun amsa, ya ga sun zo daidai da yawan waɗanda suka sa hannu.