Haɗarin Yarda da Hasashe Fiye da Kima a Harkar Kasuwanci

Kusan duk shawarar da ɗan kasuwa zai yanke tana kan hasashe ne. Mai sayen masara da kaka don ya sayar da bazara, da mai shigo da kaya da ke lissafin farashin dala, da ɗan kwangilar da ke ɗibar wa kansa wa'adi, duka suna ƙiyasta abin da bai auku ba tukuna. Kuskure a irin wannan lissafi ba abin mamaki ba ne. Matsalar da masana suka gano ita ce mutane sukan ba hasashensu tabbacin da ya zarce iyakar saninsu.

A ƙarshen shekarun 1960, Marc Alpert da Howard Raiffa sun jarraba ɗaliban kasuwanci na Jami'ar Harvard ta Amurka da tambayoyin da amsarsu adadi ne. An nemi kowane ɗalibi ya faɗi adadi na ƙasa da na sama waɗanda yake da tabbacin kashi 98 cikin ɗari cewa amsar tana tsakaninsu. Da tabbacin nasu gaskiya ne, da sau biyu kacal cikin ɗari amsar za ta kuɓuce musu. Amma ta kuɓuce kimanin sau 40. Wato tazarar da suka bari ta yi ƙunci ƙwarai.

Ƙwarewa ba ta kawar da wannan aibi. Wani binciken Jami'ar Duke da aka buga a 2013 ya bi diddigin hasashen daraktocin kuɗi na kamfanonin Amurka game da kasuwar hannun jari. Inda suka ce suna da tabbacin kashi 80, hasashensu ya yi daidai a kimanin kashi 36 kawai.

Kamfanin zuba jari na Long-Term Capital Management ya nuna tsadar wannan hali. An kafa shi a Amurka a 1994, kuma biyu daga cikin jagororinsa, Myron Scholes da Robert Merton, sun sami lambar yabo ta Nobel kan tattalin arziki a 1997. Lissafin kamfanin ya nuna musu cewa da wuya ƙwarai a yi babbar asara, saboda haka suka ci bashi mai yawa suka ƙara a kan jarinsu. Da gwamnatin Rasha ta kasa biyan bashinta a watan Agusta na 1998, kamfanin ya yi asarar kimanin dala biliyan 4.6 cikin 'yan watanni. Sai da bankuna da cibiyoyin kuɗi 14 suka haɗa kimanin dala biliyan 3.6 kafin a shawo kan lamarin.

A Nijeriya ma an ga yadda kasuwa kan tsallake tazarar da aka yi mata tanadi. An gina kasafin kuɗin tarayya na 2020 a kan dala 57 kowace gangar ɗanyen mai, adadin da a lokacin yake ƙasa da farashin kasuwa. Cikin 'yan watanni annobar korona ta karya farashin, aka sake kasafin a kan dala 28.

Dalilan wannan hali ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, mutum yakan fara da adadin da ke gabansa, kamar farashin yau, sannan ya ɗan gusa kaɗan daga gare shi. Na biyu, yakan tuna lokutan da ya canka daidai, ya ɗora wa ƙaddara waɗanda ya kuskure. Na uku, abin da bai gani ba a 'yan shekarun nan yakan ɗauka ba zai faru ba. Masu hasashen yanayi na Amurka suna cikin ƙalilan da bincike ya samu tabbacinsu yana dacewa da abin da ke aukuwa, domin kullum gari na wayewa suna ganin sakamakon maganarsu ta jiya.

Ɗan kasuwa zai iya koyi da su. Ya riƙa rubuta hasashensa da kwanan wata, ya dawo ya gwada shi da abin da ya faru. Maimakon farashi guda, ya ƙiyasta mafi ƙasa da mafi sama, sannan ya ƙara faɗaɗa tazarar. Kafin ya karɓi rancen banki, ya tambayi kansa ko zai iya biya idan farashi ya faɗi ƙasa da mafi munin ƙiyasinsa. In amsar a'a ce, to ya rage yawan kayan da zai saya, ko ya ware wani kaso na jarinsa a gefe tun kafin ya shiga cinikin.