Idan An Mai Da Bangaskiyarmu Abin Dariya, Me Za Mu Yi?

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga Misa, muna cikin jera benci domin ajin masu shirin baftisma, sai ga samari uku na majami'armu sun zo mana da waya a hannu, ransu a ɓace. Suka nuna mana wani gajeren wasan barkwanci. Wani ne ya sa farar riga irin ta Fada, yana sa wa mutane biskit a baki, ana ta ƙyalƙyala dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, haka za mu zauna mu zuba ido? Ai mun san unguwar da yaron nan yake." Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce ta hana mu barci a daren nan, ita ce kuma ta sa muka ɗauki alƙalami.

'Yan'uwa cikin Kristi, fushin waɗannan samari yana da dalili. Mu Katolika mun gaskata cewa Jibin Ubangiji jikin Yesu ne da jininsa. Wanda ya ga ana wasa da shi bai ji komai a zuciyarsa ba, sai ya binciki bangaskiyarsa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a shekara ta 1992, ya bayyana a lamba ta 2148 cewa saɓo zunubi ne mai nauyi, ya kuma haɗa da munanan kalmomi a kan Ikilisiya da tsarkaka da abubuwa masu tsarki. To, amma ina za mu kai wannan fushi?

BA YAU AKA FARA BA

A shekara ta 1857 masu tonon tarihi a birnin Roma suka gano wani zane da aka karce a jikin bango, wanda masana suke ganin an yi shi wajen shekara ta 200. An zana mutum mai kan jaki a kan gicciye, ga wani saurayi a tsaye ya ɗaga hannu, an rubuta a ƙasa da Helenanci cewa Alekzamenos yana yi wa allahnsa sujada. Wannan zane na izgili yana cikin hotunan gicciye mafi daɗewa da duniya take da su. Wato tun kafin Kirista su saba zana gicciye a bangon majami'a, masu ba'a sun riga su. Daular da ta yi wannan dariya ta shuɗe, gicciyen kuwa yana nan.

Shi kansa Ubangijinmu da wasan kwaikwayo aka yi masa ba'a. Sojoji suka yafa masa jan alkyabba, suka ɗora masa rawanin ƙaya, suka ba shi kara a maimakon sandan sarauta, suna durƙusa masa da izgili (Matiyu 27:27-31). Duk ranar Jumma'a ta lokacin azumi muna tuna wahalarsa a Hanyar Gicciye. Bawa kuwa bai fi maigidansa ba.

ABIN DA YA FARU A PARIS

Ran 26 ga watan Yuli, 2024, aka yi bikin buɗe wasannin Olamfik a Paris, babban birnin Faransa, duniya tana kallo ta talabijin. A cikin bikin aka nuna wasu 'yan wasa, har da maza cikin shigar mata, sun jeru a bayan dogon teburi, ga wata mace a tsakiya da wani abu mai ƙyalli a kanta. Kirista da yawa suka ga an kwaikwayi shahararren zanen Jibin Ƙarshe wanda Leonardo da Vinci ya yi a birnin Milan. Wanda ya shirya bikin, Thomas Jolly, ya ce shi bukin allolin Helenawa na dā yake nufi.

Ku dubi yadda shugabanninmu suka yi. Washegari Bishop-bishop na Faransa suka fitar da takarda. Suka yaba abin da yake da kyau a bikin, suka kuma nuna baƙin cikinsu a fili a kan ba'ar da aka yi wa addinin Kirista. Ran 28 ga wata mai magana da yawun masu shirya wasannin ta ba da haƙuri ga waɗanda abin ya ɓata wa rai. Ran 3 ga Agusta fadar Paparoma ita ma ta nuna takaicinta. Har Jami'ar Al-Azhar ta Masar ta yi tir da abin, domin 'yan'uwanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa. An yi magana da ƙarfi, an ji, kuma shugabannin nan ba su aiki kowa ya ɗauki dutse ba.

HANYAR DA BA TA ƁULLEWA

A wannan birni na Paris an taɓa bin wata hanya dabam. A shekara ta 1988 aka fito da fim ɗin nan mai suna The Last Temptation of Christ, wanda ya ɓata wa Kirista rai ƙwarai. A watan Oktoba na shekarar wasu masu zafin kai suka sa wa wani gidan silima wuta, mutane fiye da 10 suka ji rauni. Babban Bishop na Paris, Kadinal Lustiger, wanda shi ma bai yarda da fim ɗin ba, ya fito ya la'anci wannan aika-aika. Daga ranar nan labari ya juya: aka bar zancen abin da fim ya yi wa Yesu, aka koma zancen abin da Kirista suka yi wa mutane.

Mu a nan arewa ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. A watan Nuwamba, 2002, wani rubutu a jarida game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ya jawo tarzoma a Kaduna, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, Kirista da Musulmi. Yawancinsu ba su ma ga jaridar da idonsu ba. Marayun wannan rikici suna tare da mu har yau. Shi ya sa muka ce wa samarin nan, fushin fari ba naka ba ne. Sa'ad da Yakubu da Yahaya suka nemi a sauko da wuta a kan ƙauyen Samariyawa da suka ƙi karɓar Yesu, tsawata musu ya yi (Luka 9:51-56). Sa'ad da Bitrus ya zare takobi domin ya kāre shi, sai ya umarce shi ya mai da shi kube (Yahaya 18:10-11).

Akwai kuma wani tarko. A shekara ta 1979 aka yi wani fim na barkwanci a Ingila, Life of Brian. Da ƙasar Norwe ta hana nuna shi, sai masu tallarsa a Suwidin suka mai da hanin nan abin talla. Haka yake a wayoyinmu yau. Duk sa'ad da ka tura wa mutum 50 irin wannan wasa kana cewa su ga abin da aka yi mana, ka zama ɗan tallan mai wasan, domin yawan masu kallo shi ne kuɗinsa.

MU TANTANCE TUKUNA

Ba kowace dariya ce saɓo ba. In an kwaikwayi Katikis mai doguwar sanarwa, ko mai gyangyaɗi a lokacin wa'azi, sai mu yi dariya tare da su. Wani lokaci kuma abin da ya yi kama da cin mutunci yana ɗauke da gaskiya mai ɗaci. A shekara ta 1992 wata mawaƙiya 'yar ƙasar Ayalan, Sinéad O'Connor, ta yaga hoton Paparoma Yahaya Bulus na Biyu a talabijin a Amurka, tana kuka a kan cin zarafin yara a cikin Ikilisiya. Aka yi mata ca. Hanyar da ta bi ba ta dace ba, amma a shekara ta 2010 Paparoma Benedikt na 16 ya rubuta wa Katolika na Ayalan wasiƙa, ya amsa cewa an yi wannan mugun abu, ya nemi gafarar waɗanda aka cuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In masu wasa suna nuna mu da son kuɗi ko munafunci, mu fara tambayar kanmu ko a wurinmu suka gani.

TO, ME ZA MU YI?

Na fari, mu tabbatar da abin kafin mu yi magana. Sau da yawa ɗan guntun da ya iso wayarmu an yanke shi ne, ko tsoho ne, ko daga wata ƙasa.

Na biyu, mu janye idonmu da kuɗinmu. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta kan kafofin watsa labarai ta 4 ga Disamba, 1963, ta ɗora wa masu kallo da masu sauraro nauyin zaɓen abin da yake nagari, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin lura da abin da yake shiga gidajensu. Kada ka kalla, kada ka tura.

Na uku, mu yi magana ta hanyar da ta dace. Yesu bai rama mari ba, amma ya tambayi wanda ya mare shi dalili (Yahaya 18:22-23). Bulus ma ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasa a Filibi (Ayyukan Manzanni 16:37). A Nijeriya muna da Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin tun 1992, da Hukumar Tace Finafinai tun 1993. A kai wa Fada labari, majalisar majami'a ta rubuta takarda da suna da sa hannu, ta faɗi shirin da ranar da abin da ya ɓata mana rai, ba tare da zagi ba.

Na huɗu, mu koma gaban Sakramenti Mai Tsarki. Jerin yabon Allah da muke yi bayan an sa mana albarka da Sakramenti, wani Fada ne mai suna Luigi Felici ya fara tsara shi a 1797, domin a biya diyyar saɓon da ake yi wa sunan Allah. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su iya keɓe sa'a ɗaya domin wannan.

Na biyar, mu koya wa yaranmu. Yaron da abokansa suka yi masa dariya domin ya yi alamar gicciye kafin cin abinci, in bai san ma'anarta ba zai daina. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16).

Na ƙarshe, mu yi wa mai ba'ar addu'a. Bisa ga labarin da Ikilisiya ta gada, Jenesiyus ɗan wasan kwaikwayo ne a Roma a zamanin sarki Diyokletiyan. Yana cikin yi wa baftisma ba'a a dandali sai ya ba da gaskiya, aka kashe shi saboda Kristi. Ana tunawa da shi ran 25 ga Agusta, shi ne kuma majiɓincin 'yan wasan kwaikwayo.

Samarin nan uku ba su je unguwar nan ba. Bayan kwana biyu muka je tare da wani dattijo na majami'a, muka gai da mahaifin yaron, muka bayyana masa abin da Jibin Ubangiji yake a gare mu. Yaron ya ce shi bai taɓa sani ba. Ko zai sāke, Allah ne masani, muna dai sa shi cikin addu'a. Ubangiji ya ba mu zuciya mai kishin sunansa, da hikimar da za ta riƙe wannan kishi. Amin.