Ina Gayaunar Ɗanka?

A gidajenmu da yawa akwai saurayi wanda ya kusa shekara 30. Ya gama makaranta, ya yi bautar ƙasa, amma har yau uwarsa ce ke ba shi kuɗin mota. Mukan ce raggo ne. Kafin mu zarge shi, bari mu tuna da dabarar kakanninmu.

A gandu, uba da 'ya'yansa suna noma tare, suna ci daga rumbu ɗaya. Amma in yaro ya tasa, uban yakan yanka masa gayauna. Idan an tashi daga aikin gandu, sai ya nufi tasa. Abin da ya girbe nasa ne, ya ɗinka riga, ya tara na aure. In ya bar ciyawa ta cinye, shi zai ji a jikinsa.

Mu kuwa makaranta muka kai su, musamman tun da aka fara UPE a 1976, muna sa rai takarda za ta kawo aikin gwamnati. Aikin bai ishi kowa ba, gayaunar kuma ba mu bayar ba.

To, me za mu yi? Mu haɗa shi da kafinta, ko tela, ko bakanike. Mu ba shi ɗan jari, mu gaya masa ba na biyu. Mu ɗora masa nauyi guda a gida, kamar kuɗin wuta. In ya yi hasara, kada mu yi saurin biya masa. 'Ya mace ma haka.

Ya ku iyaye, ba za mu dawwama ba. Ranar da ƙarfinmu ya ƙare, wa zai riƙe gidan?