Neman Diyyar Rauni: Yadda Za Mu Yi Aiki da Lauya

Idan mota ta buge maigida, ko inji ya datse masa hannu a wurin aiki, ba shi kaɗai ne ya ji rauni ba. Tukunyar gidansa ma ta ji, kuɗin makarantar yara kuma ya tsaya. Sau da yawa mukan ce, "Mun bar wa Allah," mu sayar da akuya da hatsi domin biyan asibiti, wanda ya jawo ɓarnar kuwa ya yi tafiyarsa. Haƙuri abu ne mai kyau, amma neman diyya ba ramuwa ba ne. Ko a Littafin Fitowa sura 21 an umarci wanda ya ji wa wani rauni ya biya shi kwanakin da ya yi a kwance, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa.

Abin da doka ta tanada

Tun shekarar 1945 aka kafa doka a Nijeriya cewa dole mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda motarsa ta ji wa rauni ko ta kashe. Saboda haka galibi kamfanin inshora ne mai biya, ba aljihun direba ba. Ga ma'aikata kuma akwai dokar diyya ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa. Mai ba da aiki ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa, ba a kuwa yarda ya cire daga albashinsu ba. Ma'aikaci zai sanar da shi raunin cikin kwana 14, a kuma shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya.

Kada mu yi jinkiri

Kowace jiha tana da iyakar lokacin da za a iya kai irin wannan ƙara. Idan kuwa ma'aikacin gwamnati ne ya yi laifin yana bakin aikinsa, lokacin yana iya zama wata uku kacal. In ya wuce, ko gaskiyarmu ta kai hasken rana, kotu tana iya ƙin sauraronmu. Don haka tun majinyaci yana kan gado, wani daga cikin iyali ya je ya ga lauya. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Ƙarar haɗari tana cikin abubuwan da take dubawa.

Mu yi hankali da 'yan kamasho masu yawo a asibitoci suna cewa sun san wani lauya. Ka'idar aikin lauyoyi ta hana farautar masu ƙara. Lauya na gaske yana da suna a rajistar Kotun Ƙoli, yana kuma manna hatimin ƙungiyar lauyoyi a takardunsa.

Abin da za mu kai masa

Lauya kamar magini ne, da tubalin da muka kawo masa zai yi gini. Mu kai masa rahoton 'yan sanda, da lambar motar, da sunayen waɗanda suka ga abin da idonsu, da takardar likita, da hoton ƙashi, da kowane rasit, har na kuɗin mota zuwa asibiti. Kuɗin da muka kashe, alƙali ba ya ƙiyasta shi, sai an nuna masa a rubuce. Amma azabar ciwo, da naƙasa, da raguwar ƙarfin neman abinci, waɗannan shi ne yake auna su bisa ga shaidar likita.

Sa'an nan mu faɗa masa gaskiya duka. Idan mun tsallaka titi ba mu duba ba, ko ƙafar tana da tsohon ciwo, gara ya ji daga bakinmu da ya ji daga bakin lauyan abokin shari'a. Idan mu ma muna da rabon laifi, kotu takan rage diyyar ne gwargwadon laifinmu. Ƙarya kuwa tana iya rushe ƙarar gaba ɗaya.

Maganar kuɗi da sulhu

Tun ranar farko mu tambayi lauya ladansa, a kuma rubuta. Waɗansu sukan yarda su ɗauki wani kashi daga diyyar in an ci nasara. To, a bayyana kashi nawa ne, da wanda zai biya kuɗin kotu. Kada kunya ta hana mu tambaya, gama kunyar yau ita ce rigimar gobe.

Lalle za a zo mana da maganar sulhu, sulhu kuwa alheri ne. Amma kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a kan wata takarda sai lauya ya karanta mana. Wanda ya karɓi kuɗi kaɗan ya sa hannu cewa magana ta ƙare, da wuya ya sake samun kome in ciwon ya tashi daga baya. Aikin lauya ba da shawara ne. Yarda ko ƙin sulhu kuwa namu ne.

Sai da haƙuri

Abin da ya faru a Kano ya isa misali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka, iyaye kuwa suka kai ƙara har Amurka. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. A 2011 ne iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an gwada ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantakarsu da yaran. Shekara 15 ke nan, har a ƙarshe ma sai da aka nemi shaida.

Don haka, ya ku masu karatu, mu tanadi jaka guda a gida domin takardun asibiti, mu kuma koya wa iyalinmu rubuta lambar mota da sunan mai shaida. Ranar da abu ya faru, waɗannan ne za su yi magana a madadin wanda yake kwance.